Kontar, gurup ko sola: wanne ya dace da mai ƙaramar sana'a a Tahoua?

Duk mai sana'ar da cinikinsa ya rataya a kan wuta a Tahoua, mai ƙanƙara ne ko tela ko mai walda ko mai cajin salula, da zarar Maris ya kama zafi ya fara sauka, tambaya ɗaya ce ke hana shi barci: ɗan abin da na tara, gurup, wato janareta, zan saya da shi, ko sola zan ɗora a kan rufi, ko in haƙura da kontar ɗin NIGELEC, wato mitar kamfanin wutar lantarki na Nijar, in riƙa jiran a maido? In ka tambayi masu sayarwa, kowa abin da ke cikin shagonsa zai yaba maka. Amsar kuwa ta danganta da irin injin da kake kunnawa, da lokacin da kake kunna shi, rana ko dare, da kuma wani abu da ba kasafai ake sa shi cikin lissafi ba: wace iyaka ce in an rufe ta aikinka zai tsaya.

A fara da kontar, don shi ne mafi araha nesa ba kusa ba. Ɗauko faktir ɗinka na watan jiya, ka raba kuɗin da yawan kilowat ɗin da kontar ya ƙirga. A ƙaramin shago ko gida, da wuya ka ga kowane kilowat ya kai sefa 150, har da haraji. Babu gurup ɗin da zai ba ka wuta a wannan farashi, sola mai batir ma sai ta yi shekaru tana aiki kafin ta kamo shi. Saboda haka mai kontar ya riƙe abinsa. Akwai masu cewa za su mayar da shi don haushi, amma fushi ne da ba shi da riba.

Abin da ke damun kontar rashin tabbas ne, kuma rashin tabbas ɗin da asalinsa. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta. Yamai da Dosso da Tillaberi suna sha ta layin Birnin Kebbi, wanda ke ɗauko wutar madatsar Kainji tun shekarun 1970. Mu na tsakiya, Damagaram da Maraɗi da Tahoua, layinmu daga Katsina ya shigo ta Gazawa, ya biyo Maraɗi da Malbaza kafin ya iso mana, wato mu ne a wutsiya. Jami'an Najeriya sun sha faɗa cewa sayar wa Nijar wuta shi ne abin da ya hana a datse kogi daga sama ruwa ya ragu a Kainji. Shekara arba'in da ɗoriya wannan ciniki ya tafi lami lafiya, har muka manta cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ranar 30 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, farkon Agusta Najeriya ta yanke wuta. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024, wutar kuma ta dawo cikin Maris. Wata bakwai ke nan. Ko da ta dawo, ba ta dawo yadda take ba: a 2025 ministar makamashi Haoua Amadou ta ce megawat 46 Najeriya ke bayarwa maimakon 80 na da. Ranar 29 ga Janairu na shekarar Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso. Cinikin wuta bai tsaya ba, amma kowa ya gani da idonsa cewa makunnin yana hannun wani, kuma ana iya taɓa shi a kan rigimar da ba ruwan mai sayar da ƙanƙara da ita. Ko ba siyasa ma, layin Najeriya kansa yakan faɗi. A 2024 babban layin ƙasar ya durƙushe sau da dama, a watan Oktoba kuma arewacin Najeriya ya yi kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. In babu a Katsina, daga ina Gazawa za ta samu?

Akwai abin da ya kamata mutanen Tahoua su riƙa tunawa in sun ji labarin sabuwar tasha a rediyo. Layukan NIGELEC ba a haɗe suke ba. Yankin kogi daban, namu na tsakiya daban, Agadez da Arlit masu shan wutar gawayin SONICHAR daban, Diffa daban. Tashar Gorou Banda da aka buɗe a 2017, da tashar sola mai megawat 30 da aka kunna a gefenta a ƙarshen 2023, na Yamai ne. Ko sun cika sun batse, ba za su ƙara wa fankarka ta unguwar Wadata ko Bilbis gudu ba. Namu na kusa shi ne tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 da kuɗin Indiya, sai injinan da ake tayarwa in layi ya gaza. Megawat 7, da rana kaɗai, a jihar da ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan uku a cikinta.

Sai alƙawura. An aza harsashin madatsar Kandadji mai megawat 130 a 2008, zamanin Tandja Mamadou. Kamfanin Rasha ya karɓi aikin aka soke kwangilarsa a 2013, kamfanin Gezhouba na Sin ya ɗauka a 2019, aikin ya tsaya a Agusta 2023 da masu ba da bashi suka riƙe kuɗinsu. Ko an gama, yankin kogi wutar za ta fara zuwa, mu sai an ja layin Zabori zuwa Malbaza da ake shiri. Gawayin Salkadamna a cikin jiharmu yake, Issoufou Mahamadou ya ƙaddamar da aikin tasharsa a 2014 da maganar megawat 600, har yau ba a ga hayaƙinta ba. A 2025 an sa hannu da Rasha kan batun nukiliya, abin da ke da daɗin ji ga ƙasar da ke haƙo yuraniyom a Arlit tun 1971, sai dai tashar nukiliya aikin shekara goma ne ko fiye ko a ƙasashen da suka saba gina ta. Allah ya tabbatar da su duka. Amma kada ka sa ko ɗaya cikin lissafin shagonka na shekara biyar masu zuwa.

Gurup

Shi hannu ke fara kaiwa gare shi, kuma da dalili. Kuɗin sayensa kaɗan ne in an gwada da sola, ka saya yau ka kunna yau, kowane bakanike a gari ya san cikinsa, buji da karbirata ba su da wuyar samu. Ba ruwansa da hadari ko ƙura ko dare. Abin da ya fi duka, yana da ƙarfin tayar da kaya. Duk inji mai juyawa, firigo ne ko famfon ruwa ko injin niƙa, a daƙiƙar da zai tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa shida na abin da yake ci in ya kama gudu. Gurup mai ɗan ƙwari sai ya yi gurnani ya ɗauka. Ƙaramar sola kuwa sai ta yi ƙara ta mutu.

Ciwon yana wurin mai. A Yuli 2024 gwamnati ta sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Ƙaramin gurup mai esansi, irin mai kilowat biyu, in an ɗora masa kaya sosai yana shan wajen lita ɗaya a awa, ya ba ka kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu. Kowane kilowat ya tashi sefa 250 zuwa 330 ke nan a mai kawai. Wannan fa in ka cika shi da aiki. Abin da aka fi yi shi ne a tayar da shi saboda firigo ɗaya da fanka biyu da ƙwan fitila, waɗanda duka ba su wuce wat 400 ba. Inji kuwa ba ya rage sha daidai da raguwar aiki, zai ci rabin lita ko fiye a awa duk da haka. Ka biya sefa 250 a kan wat 400 na awa guda, kilowat ya haura sefa 600 ba ka sani ba, ninki huɗu ko fiye na abin da ke kan faktir ɗinka.

A ce ana ɗauke wuta awa shida a rana cikin watannin zafi. Rabin lita sau shida lita uku, jika ɗaya da rabi kullum, jika 45 a wata. Ba a sa baƙin mai ba, wanda ake so a canja duk awa 50 zuwa 100 na aiki, wato duk mako ɗaya ko biyu a irin wannan gudu, kuma yawancinmu ba ma yi, shi ya sa ƙananan gurup ba su daɗe. Mai gazuwal ya fi tattali, yakan ba da wajen kilowat uku daga lita ɗaya, kilowat ya tsaya kusa da sefa 200, amma manya ne, kuɗinsu ma babba ne.

A da mutanen Ƙonni da Illela da Tahoua ba su cika damuwa da farashin gidan mai ba, ƴan ruwa-ruwa suna kowace kwana da man Najeriya a kwalba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya cire tallafin mai, farashi a can ya ninka har sau uku cikin ƴan makonni, man kwalba ya daina araha, masu saye suka kwarara gidajen mai. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take tacewa a rana, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na Nijar. Da nauyin ƙasa duka ya dawo kanta, esansinta ya gaza, aka ga dogayen layuka a Maris 2025, a watan da gwamnati ta sallami manyan shugabannin Sinawa uku na kamfanonin mai. Wani zai ce ai muna da bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a Benin, wanda aka gina don ɗaukar ganga 90,000 a rana. Haka ne, amma ɗanye ne, jirgin ruwa yake shiga tun Mayu 2024, ba tankin gurup ɗinka ba. Gurup ya raba ka da layin Katsina, ya ɗaure ka a matatar Damagaram da tankokin SONIDEP, kamfanin gwamnati mai raba mai. Ɗan fifikon da yake da shi, ana iya ajiye jarka ɗaya ko biyu ta ƴan kwanaki, in dai nesa da murhu da yara. Kuma kada a taɓa tayar da shi cikin ɗaki ko zaure rufe. Hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Sola

Rana ba a saye, kuma Adar na cikin wuraren da suka fi samunta a duniya. Fano ma, wato faifan da ke mayar da hasken rana wuta, ya yi sauƙi: Sin ce ke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na fanon duniya, a 2023 kaɗai farashinsa ya faɗi da kusan rabi. Fano mai wat 550, bayan an cire abin da zafi da ƙura da wayoyi suka ci, zai ba ka kilowat biyu zuwa biyu da rabi a yini. Ɗauki shago mai firigo ɗaya da ke daskarar da ruwa cikin zafin Afrilu, kilowat uku zuwa huɗu ke nan. Fanka biyu na awa goma sha biyu, ɗaya da rabi. Fitilu da cajin waya, rabi ko ɗaya. Duka biyar zuwa shida da rabi. A takarda fano uku sun isa, a zahiri ka sa huɗu.

Dalilin na huɗun shi ne zafi. Wat ɗin da aka rubuta a bayan fano a digiri 25 aka auna shi, duk digiri ɗaya da ya hau yana rage wajen kashi ɗaya bisa uku na kashi ɗaya cikin 100. Da azahar a watan Mayu, iska na sama da digiri 40, gilashin ya kai 65 ko 70, ka rasa wajen kashi 15. Kada a shimfiɗa shi kai tsaye a kan kwano, a ɗaga shi kamar taƙi ɗaya iska ta riƙa bi ta ƙasa, a karkata shi kudu da digiri 15 ko kusa da haka, daidai da inda Tahoua take. Da hunturu kuma ƙura ce, sai an riƙa wankewa da sassafe ko bayan la'asar, ba da tsakar rana a zuba ruwan sanyi kan gilashi mai zafi ba. Wanda ba shi da yaron da zai hau rufi duk ƴan kwanaki ya san cewa zai yi asarar wani kaso.

Amma fano ba shi ne maganar ba. Batir ne ke cin kuɗi, shi ne kuma ke sa mutane su tsine wa sola bayan shekara ɗaya da rabi. Batir na darma, mai ruwa ko jel, wanda aka rubuta wa 12V 200Ah, a takarda kilowat 2.4 yake ɗauka, amma in kana son ya yi rai rabi kawai za ka sha, 1.2. Zafi kuma maƙiyinsa ne: duk digiri 10 sama da 25 yana raba kwanansa biyu. Batir ɗin da aka ce zai yi shekara biyar, in ka ajiye shi a shagon kwano mai digiri 40, bai kai biyu ba za ka ji fanka na rage gudu tun goma na dare. Batir na litiyom, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, ana shan kashi 80 zuwa 90 nasa, yana jure caji da saukewa sau dubbai, akwati ɗaya mai kilowat biyar ya tsaya a madadin na darma huɗu. Kuɗinsa a ranar farko ya fi ciwo. In ka raba shi a kan shekarun da zai yi, shi ne mai sauƙin. Shi ma ba ya son zafi, don haka ɗakin ƙasa mai inuwa ya fi masa shagon kwano.

Hanya mafi arha ta rage kuɗin batir ita ce rage abin da kake nema daga gare shi. Wata innata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta kira mai haɗa sola, ta ce so take firigonta biyu su kwana suna aiki. Bai fara da auna rufi ba. Ya janye firigon daga jikin bango, ya nuna mata ƙurar da ta toshe ƙarafan baya, sannan ya zaro takardar jika ɗaya daga aljihu, ya sa a bakin murfi ya rufe, ya ja. Ta zamo ba gardama. Ya zagaya gefe huɗu, uku duk haka.

"Inna, robar nan ta mutu. Sanyin da kike saye ta nan yake fita."

"To ɗana, batir nawa zan saya?"

"Ki fara canja roba. Ki zuba ruwa da hantsi, rana ta daskarar miki, da magariba ki kwashe na sayarwa ki sa a kula, ki rufe murfi kada kowa ya buɗe sai safe. Ƙanƙarar da kanta za ta riƙe sanyi. Batir ɗaya ya ishe ki, don fanka da fitila."

Abin da ya faɗa shi ne sirrin sola a garin nan: duk aikin da za ka iya turawa tsakanin ƙarfe tara na safe da huɗu na yamma, kusan kyauta za ka yi shi. Duk wanda ya zama dole sai dare, za ka biya shi da tsada.

Sai a kula da jabu, don kasuwa ta cika da shi. Fano mai wat 550 na gaske ya haura mita biyu a tsawo, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya. In an nuna maka ƙarami da wannan lamba a manne, takardar ce kawai babba. Batir na darma mai 200Ah yana da nauyin kilo 55 zuwa 65, in mutum ɗaya ya ɗaga shi cikin sauƙi, ka bar musu abinsu. Akwai tsoffin batir da ake gogewa a sake musu kwali. Konbatisar, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, in firigo za ta ɗauka sai wadda aka rubuta wa "pur sinus", kuma ƙarfinta ya ninka abin da firigon ke ci sau da yawa saboda fizgar tashi. Regilatar, na'urar da ke daidaita cajin batir, wadda aka rubuta wa MPPT ta fi mai PWM tatso wuta daga fano ɗaya. Siririyar waya tsakanin batir da konbatisar kuwa gobara ce ke jiran rana, a sa mai kauri, a sa fis.

Kayan sola duk daga waje suke, nan ne nata ɗaurin yake. A 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanville da ke kan iyakar Benin, hanyar Kotonu da aka saba ta toshe, kaya sun koma shigowa ta Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi. Wasu kuma daga Kano suke shigowa ta Ƙonni ko Maraɗi, faɗuwar naira a 2023 da 2024 ta sa mai sefa ya samu sauƙi a can. Bambancin da ya kamata a duba shi ne wannan: mai kontar yana hannun maƙwabci kowace awa, mai gurup yana hannun matata kowane mako, mai sola kuwa ranar saye ne kawai iyaka ta shafe shi, sai kuma ranar da batir ya mutu. Wannan kaɗai ya isa ya sa a sayi batir mai daɗewa.

Duk da haka kada a yi wa kai ƙarya wajen lissafi. Sola ba ta mayar da kuɗinta ta hanyar rage faktir, sai da jinkiri sosai. Kilowat shida a kan sefa 100 sefa 600 ne a yini, ba wani abu ba. Inda take biya shi ne man gurup ɗin da ka daina saye, da ƙanƙarar da ta daina narkewa, da ɗinkin salla da ka miƙa a kan lokaci. A ce gurup na cin jika 45 a wata cikin watanni huɗu na zafi, jika 15 a sauran takwas, jika 300 ke nan a shekara. A ce kayan solar da za su maye gurbinsa sun tashi miliyan ɗaya da jika 200. Shekara huɗu ka fanshe. Da batir na litiyom akwai riba bayan nan, da na darma kuwa ka riga ka sake saye sau ɗaya ko biyu kafin ka kai. Sa lambobinka na gaske a gurbin waɗannan ka gani. In unguwarku ba a cika ɗaukewa ba, lissafin zai ce ka dakata, kuma ka saurare shi.

To wa zai ɗauki me

Tela da mai aski da mai caji da mai ɗan kanti ba su da abin yi da gurup. Kayansu ba su da nauyi, aikinsu da rana ne da farkon dare. Fano ɗaya ko biyu da ƙaramin batir na kirki, kontar kuma yana nan, sun gama. Mai ƙanƙara da yawurt ya riƙe kontar, ya sa fano huɗu ko fiye, ya nemi konbatisar mai haɗa sola da wutar layi ta riƙa zaɓa da kanta. In yana da tsohon gurup kada ya sayar, zai yi masa rana a Agusta in hadari ya kwana biyu bai buɗe ba.

Mai walda da mai niƙa da mai injin katako, maganarsu daban. Injin walda yana fizgar kilowat da yawa lokaci guda, ya saki, ya sake fizga, solar da za ta jure haka kuɗinta miliyoyi ne, ba na ƙaramin gareji ba. Gurup mai gazuwal da ya fi ƙarfin aikin shi ne nasu, mai niƙa ma injin gazuwal mai jan bel kai tsaye ya fi masa, ba sai an bi ta lantarki ba. Su ne suka fi kowa shiga uku in mai ya yi wuya, kuma ban ga wata dabara gare su ba face ajiyar jarka da tsara babban aiki a sa'o'in da akwai wutar layi.

Inda sola ta fi haskawa a jihar nan ba cikin gari ba ne, a garakar albasa ne, Galmi da Ƙonni da bakin tafkin Tabalak. Famfon sola ba ya buƙatar batir ko ɗaya: rana ta fito ya ja ruwa, ta faɗi ya tsaya, in ana son ban ruwan yamma a tara a tanki ko kududdufin siminti. Noman rani kuma ya faɗo daidai watannin da sama take tas. Abin da ke hana wasu shi ne sata, da kuma cewa motar famfo mai esansi ana ɗora ta a kan amalanke a kai wata garka, fano kuwa sai an kafa. Mai garka ɗaya da rijiyarsa, kusa da gida, bai da dalilin ci gaba da sayen esansi.

A gida, abin da ake nema barci ne a Afrilu da Mayu. Fanka mai aiki da wutar batir kai tsaye ba ta cin ko rabin abin da ta rufi ke ci, ƙaramar sola ta ishe ta har asuba. Kilim kuwa, wato na'urar sanyaya ɗaki, a manta da shi, sai mai hali sosai.

Yadda kuɗi ke shigo maka ma yana da ta cewa. Wanda ɗan uwansa ya aiko masa da dunƙule daga Abijan, ko ya kwashi adashi, sola ta dace da shi, don ita dunƙule take so sau ɗaya. Wanda ba ya ganin kuɗi sai na yini, gurup ya fi masa sauƙin shiga, amma shi zai riƙa cin rabon ribarsa kullum. Irin wannan gara ya fara da fano ɗaya da regilatar mai ɗaukar huɗu, ya riƙa ƙarawa. Batir ne kawai ba a haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa. Ɗan haya kuma, kafin a huda rufi, ya yi takarda da mai gida a gaban shaidu cewa kayan nasa ne, zai kwashe in ya tashi.

In ka yanke shawarar sola, saya tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da ba a rububi kuma masu haɗawa na da lokacin zama su auna kayanka ɗaya bayan ɗaya. A Afrilu kowa na gudu, abin da ya rage a shago shi za a ba ka. Ka karɓi takardar garanti mai lambar kowane batir, a walda ƙafafun fano a jikin ƙarfe, kuma ka riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aiki sai kayan sun yi mako guda suna ɗauke da firigonka.